Hayar kwale-kwale zuwa tsibirin Sarpan a Dakar, ga masu dawowa daga ziyarar Kaulaha

Duk shekara, idan watan Maulidi ya kama, jama'a daga ƙauyukanmu na ƙasar Ringim da Taura sukan haɗa guzuri su tafi Madina Baye da ke Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass a ƙasar Senegal, kuma da yawa daga cikinsu sukan yada zango a Dakar kafin su kamo hanyar gida. A wannan zango ne aka yi wa ayarinmu tayin hayar kwale-kwale mai inji zuwa Sarpan, wani ɗan tsibiri cikin tsibiran Madalen da ake hangowa daga bakin teku. Tun da muka dawo ake tambayata a majalisa ko tafiyar ta cancanci kuɗinta. Amsata ita ce ta cancanta, amma ba ga kowa ba, kuma wanda ya kwashi dattawan ayarinsa ya kai su can ba tare da ya san yanayin wurin ba, ya ɗora musu wahalar da ba su nema ba.

Tsibiran Madalen suna yamma da birnin Dakar, tazarar kimanin kilomita 4 daga gaɓa. Gwamnatin Senegal ta mayar da su gandun kiyaye halittu a shekarar 1976, kuma da yake faɗin gandun bai wuce hekta 45 ba, ana lissafa shi cikin mafiya ƙanƙanta a duniya. Babba daga cikin tsibiran shi ne Sarpan, kuma a kansa kaɗai ake sauke baƙi, domin sauran duwatsu ne tsirara da igiyar ruwa ke duka dare da rana. Tsibirin baƙin dutse ne irin wanda aman wuta ya bari tun zamanin da, babu mai kwana a kansa, babu rijiya, babu rumfa, babu mai sayar da ko da ruwan leda.

Ana tashi ne daga Sumbejun, bakin ruwan masunta inda ake cin kasuwar kifi da yamma. Kuɗin da ake biya kashi uku ne: na shiga gandun, na kwale-kwale, da na ɗan jagoran da zai zaga da mutane. An faɗa mana su duka tun kafin mu taka ruwa, kuma babu wanda ya ɓullo da wani sabon caji bayan mun yi nisa da tudu, abin da na yaba ƙwarai. Da sefa ake biya, saboda haka mai naira ya yi canji tun a gari. Matsalar da ta fi bayyana a nan ita ce ta harshe, domin masu jirgin Wolof da Faransanci suke ji. Mu dai Allah ya taimake mu da wani ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a Madina Baye, wanda ya rako mu ya yi mana tafinta. Ayarin da ba shi da irinsa zai yi ciniki ne da yatsun hannu.

Kan aikin matuƙin ne nake son in daɗe, domin shi ne ainihin abin da aka biya. Mu mutanen bakin kogin Haɗeja mun san yadda ake loda kwale-kwale da damina, a zuba mutane da buhuna da babura har bakin jirgi ya kusa shan ruwa, kuma mun san irin jana'izar da hakan ke jawowa. Wannan matuƙi kuwa sai da ya ƙirga mu, ya raba mana rigar hana nutsewa, ya zaunar da masu jiki a tsakiya, sannan ya tayar da inji. Da wani ya iso a makare yana roƙon a sa shi, sai ya girgiza kai ya nuna masa jirgi na gaba. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma teku ba kogi ba ce: ruwan yana ɗaga jirgi sama ya sauke shi, kuma matuƙin ba ya fuskantar igiyar kai tsaye, yakan ɗan karkata goshin jirgin ya hau ta a gicciye, ya rage wuta a samanta, ya ƙara idan ya gangaro. Wani dattijo da ke kusa da ni ya damƙe katakon zama da hannu biyu yana ta salati. Na ce masa, "Baba Alhaji, a daina kallon ruwan, a dubi dutsen can." Ya ce, "Kai dai yaro, bar ni da Ubangijina."

Mashigar tsibirin wani ɗan lungu ne tsakanin duwatsu biyu, kuma a nan ne gwanintar mutumin ta fito sosai. Ya sassauta inji a bakin lungun, ya tsaya yana kallon bayansa, ya bar manyan igiyoyi suka wuce, sannan ya bi bayan wata ƙarama ya zura jirgin ciki, yaronsa yana tsaye a goshi da igiya a hannu. Sauka kuwa aiki ce. Dutsen yana da santsi inda ruwa ke taɓa shi, jirgin ba ya tsayawa cik, kuma dole mutum ya jira lokacin da ya ɗago sannan ya taka. Babbar riga da takalmi sau-ciki mai sulɓin ƙasa ba kayan wannan wuri ba ne. Yaron jirgin ya riƙa kama hannun kowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da gajiyawa ba, amma duk da haka sai da aka ɗauki wani tsoho cak aka ɗora shi a tudu.

Ɗan jagoran ya san wurinsa. Ya fara kai mu wajen itatuwan kuka, waɗanda suka fi komai ba Bahaushe mamaki, domin kukar da muka sani tana tashi ta fi soro tsawo, ta nan kuwa iskar teku ta hana ta miƙewa, sai ta kwanta ta bazu a kan dutse, gindinta kakkaura, rassanta suna jan ƙasa. Daga nan ya nuna mana gefen da tsuntsaye ke sheƙa, inda kashinsu ya mayar da baƙin dutsen fari fat. Akwai baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya da ke nutso su kamo kifi, akwai kuma wani farin tsuntsu mai jan baki da doguwar wutsiya siririya, wanda ke ƙwai a cikin ramukan dutsen, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa aka killace wurin. Bai yarda kowa ya matsa kusa da sheƙa ba, bai kuma yarda a yar da leda ko a tsinki wani abu ba. Ya kuma ba mu labarin abin da 'yan ƙabilar Lebu, masuntan asali na Dakar, suka yi imani da shi, cewa aljanin da ke tsaron garin a tsibirin yake zaune kuma ba ya barin kowa ya kafa gida. Ya faɗe shi a matsayin al'adar mutanensa, mu ma muka saurara a haka.

Da azahar ta yi, sai maganar alwala ta taso, tunda ruwan da muka riƙo na sha ne. Wani malami a cikinmu ya tunatar da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Mas'ala ce da yawancinmu muka karanta a zaure ba tare da mun taɓa ganin teku ba. Aka gangara lungun, inda ruwan yake kwance garau har ana ganin ƙananan kifaye, aka yi alwala, aka yi salla a kan shimfiɗaɗɗen dutse.

Inda mai jirgin ya gaza shi ne wajen cika alkawarin lokaci. Ya sauke mu ya koma ɗauko wasu, ya kuma yi jinkirin dawowa sosai a kan lokacin da muka yi da shi, alhali wurin ba shi da inuwar kirki kuma dutsen yana ɗaukar zafi har ya ratsa tafin takalmi. Ruwan shanmu ya ƙare, masu ciwon suga a cikinmu suka fara galabaita, kuma da ya iso bai ga abin ba da haƙuri a ciki ba. Haka nan wasu daga cikin rigunan hana nutsewar da ya raba maɗaurinsu ya tsinke, sai da aka ƙulla su da hannu, abin da bai dace da mutumin da ya nuna irin wannan kula wajen lodi ba.

Matasa da masu ƙarfin gwiwa su je, su tafi da safe, su riƙi ruwa fiye da yadda suke zato, da abin taɓawa, da malafa, da takalmi mai kama ƙasa, kuma kowa ya duba maɗaurin rigarsa tun a Sumbejun. Dattawa da mata masu goyo da duk wanda jiri ke ɗiba a mota, gara a kai su tsibirin Gore, wanda ake zuwa da babban jirgin fasinja daga tashar jiragen ruwa ta Dakar cikin kimanin minti 20. Can akwai gari da inuwa da wurin zama, ga kuma gidan tarihin cinikin bayi, kuma tun 1978 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya. Shugaban ayarin da ya zaɓi Sarpan kuma ya karɓi lambar wayar matuƙin kafin a sauka, ya nemi a yarda ya riƙe wani kaso na kuɗin jirgi har sai an dawo da mutanensa gaɓa.