Eko ɗin zuciyar da aka yi wa 'yata shekara 8 bayan kemo

Jama'a bari in ba ku labarin gwajin eko, wato hoton zuciya, da muka je satin da ya wuce. 'Yata tana shekara 3 aka gano kansar ƙoda a jikinta, wadda likitoci ke kira Wilms, aka cire ƙodar hagu aka yi mata kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, cikin magungunan har da jan ruwan nan doxorubicin da ke mayar da fitsari ja. Ta warke alhamdulillah, yanzu tana JSS 1. Amma wallahi babu wanda ya taɓa gaya mana cewa maganin nan kan raunana tsokar zuciya, kuma ba lallai a lokacin ba, sai bayan shekaru yaro na ta guje-gujensa lafiya lau. Zazzaɓi ya kai mu wajen wata likitar yara, tana ganin tabon aiki a cikinta ta ce "Maman yarinya, yaushe rabon da a duba zuciyarta?" Na yi tsuru-tsuru.

Shi gwajin kansa ba wahala, ba allura ba zafi, kuma ba haske irin na eksire ba ne, da sauti yake aiki kamar sikanin ɗin masu ciki. Ta kwanta ta gefen hagu, aka shafa mata jel mai sanyi tana ta ƙyalƙyala dariya, muna jin zuciyar na fuu fuu ta cikin na'ura, ni kuwa hannuna rawa yake cikin hijabi. Kusan minti 30 aka gama. Likitan ya nuna min lamba 62, ya ce kason jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya ke nan, daga 55 zuwa sama lafiya ne. Ƙodar da ta rage ma an duba ta, ta ƙara girma don ita kaɗai ke aikin biyu.

Abin da ya ɓata min rai jira ne, tun 8 na safe sai bayan azahar, an ɗauke wuta ana ta fama da janareta. Sannan likitan ya tambaye ni jimillar doxorubicin ɗin da ta sha, wai da shi ake sanin bayan shekara nawa za a riƙa maimaita eko, ni kuwa ban da ko takarda ɗaya, fayil ɗinmu na asibitin farko an ce ba a gan shi ba. Tauraro 4 na ba asibitin da aka yi gwajin. Litinin zan sake komawa asibitin farko neman fayil ɗin.