Motar Katako da Sikelin da Ba Ya Jin Alfarma

'Yan uwa da ke gida sukan tambaye ni labarin manyan abubuwan Amurka, wato albashi da asibiti da tsananin hunturu, amma abin da ya fi tsaya mini a rai a bana bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ɗana yana cikin ƙungiyar 'yan sikawut ta ƙananan yara, wadda a nan ake kira Cub Scouts, kuma kowace shekara a tsakiyar sanyi sukan yi gasar tseren motocin katako mai suna Pinewood Derby. Wata rana ya dawo daga taronsu da ɗan kwali, a cikinsa akwai guntun katako mai laushi, da tayoyin roba huɗu, da ƙusoshi huɗu waɗanda tayoyin za su riƙa juyawa a kansu, sai takardar dokoki. Kuɗin kayan duka bai kai dala 10 ba.

Dokokin gajeru ne, amma ba a wasa da su. Kada tsawon mota ya wuce inci 7, kada faɗinta ya wuce inci 2 da rubu'i uku, kada nauyinta ya haura oza 5, wato kusan giram 142. Babu inji, babu batir, babu roba mai ja. Ana jera motocin a saman wata gangara mai layuka, a sake su lokaci guda, nauyinsu kaɗai ne zai kai su ƙarshen hanya. Wani shugaban 'yan sikawut mai suna Don Murphy ne ya ƙirƙiro wasan a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya a 1953, saboda ɗansa bai kai shekarun shiga Soap Box Derby ba, wato tseren da yara ke zama a cikin motar da suka ƙera su gangaro da ita, wanda har yau ake yin babbansa a birnin Akron na wannan jiha ta Ohayo da nake zaune. Tun daga 2018 'yan mata ma suna shiga ƙungiyar, kuma a namu rukunin sun ba maza kashi.

Ana gobe tsere aka kira kowa ya kawo motarsa awo a zauren wasanni na wata makarantar firamare. An ajiye tebur ɗaya, a kansa akwai ƙaramin sikeli da wani akwatin katako da aka yi daidai da tsawo da faɗin da doka ta yarda, mai kula da su kuwa wata dattijuwa ce, kakar ɗaya daga cikin yaran, wadda ba a biyanta ko sisi. A gabanmu a layi akwai shugaban rukunin da kansa, mutumin da ya nemo zauren, ya ɗauko gangarar a motarsa, ya kwana biyu yana ɗawainiyar taron. Aka ɗora motar ɗansa, sikeli ya nuna oza 5.1. Dattijuwar nan ta ɗago motar ta miƙa wa yaron, ta ce masa ta yi nauyi, ta nuna masa wani tebur a gefe inda aka ajiye injin huda, sannan ta kira na gaba. Uban bai ce uffan ba. Ya durƙusa tare da ɗansa, suka huda ƙarƙashin motar suka rage katako, suka koma ƙarshen layi suka sake jira.

Na daɗe ina juya wannan abu a zuciyata, domin na san yadda za ta kaya da a gida ne. Da farko dai mai awon ba zai bari idon jama'a ya kai kan sikelin ba, zai ce ranka ya daɗe wannan ai ta yi, ya wuce da ita. In kuma ya kuskura ya faɗi gaskiya, nan take dattawa uku za su taso su ce a yi haƙuri, wasan yara ne, mene ne abin tozarta mutum saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma kafin a watse shi mai awon ne zai zama marar kunya. Mu da aka saukar wa sura guda a kan masu tauye mudu, mu ne muke sayen hatsi da kwanon da aka buga wa gindi, mu sha man fetur da litar da ba ta cika ba, mu sayi katako mai inci 2 mu je gida mu tarar da inci ɗaya da rabi, kuma duk mun saba har ba ma ganin abin a matsayin cuta. A nan kuwa yaro ɗan shekara 7 ya ga an mayar da ubansa baya, uban da ke shugabantar taron, saboda nauyin da bai kai giram 3 ba. Ban ga wani darasin aji da zai shiga kansa kamar wannan ba.

Tsarin bai tsaya a sikeli ba. Da zarar mota ta ci awo sai a manna mata lamba a ajiye ta, mai ita ba zai ƙara taɓa ta ba sai an gama tsere, don kada wani ya ƙara mata ƙarfe da dare. Ranar tseren kuma kowace mota sai ta bi kowane layi na gangarar bi da bi, saboda an san cewa wani layin kan fi wani santsi, sa'annan a haɗa lokutan. A ƙarshen hanya akwai na'ura mai auna lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sakamakon yana fitowa a bango kowa yana gani. Tseren kansa na wajen daƙiƙa 3 ne kawai, a kan hanya mai tsawon ƙafa 32 zuwa 40 da ɗoriya, amma ban ji ko mutum ɗaya ya ce an yi masa maguɗi ba, domin an riga an toshe duk ƙofar da ƙorafi zai shigo.

Kada wannan yabo ya sa ku ɗauka komai daidai yake. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne yanka katakon. A Kano da sai in ba yaron ya kai wa kafintan bakin layi, ya zana masa siffar da yake so, a yanke masa kafin a gama gaisawa, wataƙila ma kafintan ya ƙi karɓar kuɗi saboda ya san kakansa. A nan babu kafintan bakin layi. Na shiga wani katafaren kantin kayan gini mai ɗauke da zarto iri-iri, na roƙi ma'aikacin ya yanka mini, ya ce injinsu na dogayen katakai ne kawai, kuma dokar kantin ta hana shi yin irin wannan aiki saboda tsoron rauni da shari'a. Ya nuna mini inda zan sayi nawa zarton. Ƙasa ce da za ka sami kowane irin kaya a kowane lokaci, har ka mayar da shi a ba ka kuɗinka ba tare da musu ba, amma hannun mutum ya fi komai tsada. A ƙarshe wani uba daga cikin rukunin ne ya buɗe garejinsa ya tara yara, ya sa musu tabarau na kariya, ya yanka wa kowa, su kuma suka goge da samfefa suka shafa fenti.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Wasan na yara ne a takarda, amma iyaye maza da yawa sun ƙwace shi. Gaskiya ne akwai ilimi a ciki, kuma na ƙaru da shi. Ana tara nauyin motar a baya, kamar inci ɗaya a gaban tayoyin baya, saboda a kan gangara bayan motar ya fi gabanta tudu, don haka nauyin da ke can ya fi samun nisan faɗowa, yana ci gaba da tura ta bayan gaban ya sauka a shimfiɗe. Ana goge kaushin da ke ƙarƙashin kan ƙusa har ta yi sheƙi, a zuba garin girafait, wato irin baƙin da ke cikin fensir, domin galibin rukunoni sun hana mai tunda yana ɓata hanya. Wasu sukan ɗage tayar gaba ɗaya don motar ta gudu a kan uku, gogayya ta ragu, in dokar rukuninsu ta yarda. Duk wannan yaro zai iya koya in an zauna da shi. Amma sai ka ga uba ya sayo ƙarfen tungustin, wanda ya fi darma nauyi nesa ba kusa ba kuma kuɗinsa ya ninka na kwalin motar, ya shige gareji shi kaɗai, wani ma ya sayo motar da aka riga aka gama ta intanet. Ranar tsere yaron yana riƙe da kofi bai san yadda aka yi ba. Abin ya yi yawa har rukunoni da dama suna ware wa iyaye nasu tseren dabam don su sakar wa yara mara. Sikeli yana kama nauyi, amma ba ya gane hannun da ya yi aikin.

A nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Mu da muka tashi muna yin motar kara da ta langa-langa, babu wanda ya ba mu kwali ko takardar dokoki. Mu ne muke tsinto gwangwanin madara, mu yanka tsohon silifas mu fitar da tayoyi, mu lanƙwasa waya mu yi sitiyari mai tsawo wanda yake juya tayoyin gaba da gaske, wasu har da ƙofa mai buɗewa da fitila. Ban ga yaro ɗaya a zauren nan da zai iya wannan shi kaɗai ba. Sai dai me muka yi da wannan basira? Uba ya dawo daga kasuwa ya tarar da motar a zaure ya shure ta, ya ce shirme ne da tara shara. Babu malamin da ya taɓa tambayarmu dalilin da ya sa wata ta fi wata gudu, babu ranar da aka tara unguwa aka ce yau ta yara ce. Ƙungiyar 'yan sikawut ta shigo Najeriya tun 1915, amma abin da na tashi na sani game da ita bai wuce fareti da tsare ƙofa a wurin taro ba. Yanzu ma yaran sun koma kan waya da motocin roba na Sin masu karyewa kafin sati.

Ɗana ya zo tsakiya, bai yi na farko ba bai yi na ƙarshe ba, kuma an ba shi takardar yabo ta fenti mafi kyau, domin a nan da wuya yaro ya koma gida hannu rabbana, al'adar da har yanzu ban gama yarda da ita ba. Bayan an tashi na auna gangarar, na ɗauki hotonta ta kowane gefe, na tura wa ƙanena a Kano, tunda ba wani abu ba ne illa falanki da siraran katakai da ke riƙe motar a layinta, kuma guntayen da ake zubarwa a 'yan katako sun isa a yi wa makaranta guda motoci. Ya kai wa wani kafinta hotunan. Kafintan ya ce aiki ne mai sauƙi, ya karɓi kafin alƙalami, ya tambaya ko dole ne layukan su zo daidai da juna, sannan ya ce a dawo bayan Sallah.