Lauyan da ba ya cewa a'a: sharhina kan rubuta yarjejeniya da ƙirƙirarriyar basira

Sana'ata zanen tambari ce da tsara littattafai a kwamfuta, kuma yawancin masu ba ni aiki ban taɓa ganinsu ido da ido ba. Suna ƙasashe daban-daban, abin da ya haɗa mu takarda ce kawai: me zan yi, yaushe zan miƙa, nawa za a biya ni, wa ya mallaki aikin idan an gama. Watanni ke nan ina rubuta waɗannan takardu da taimakon ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda suka cika duniya tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022. Har yanzu ina amfani da ita, amma ba ta hanyar da na fara ba.

Bari in ba ta haƙƙinta tukuna. Idan ka ce mata kana son yarjejeniya tsakanin mai zane da mai ba da aiki, kafin ka gyara zama ta zubo maka daftari mai sassa a jere, da lambobi, da wurin sa hannu. Ta tuna mini abubuwan da ƙaramin ɗan sana'a kan manta sai rigima ta taso: kafin alƙalami nawa ne, sau nawa mai aiki zai ce a gyara kafin gyaran ya zama sabon aiki, me za a biya idan ya fasa ana tsakiyar aiki, kwana nawa zai yi shiru bayan an miƙa masa kafin a ɗauka ya amince. Wannan na ƙarshen kaɗai ya raba ni da jiran gawon shanu. Ta kuma iya warware yaren lauyoyi. Wani kamfani ya turo mini tasa takardar mai shafuka da yawa, na ce ta bayyana mini kowane sashe kamar tana magana da ɗan makaranta. A nan ta nuna mini wani sharaɗi da ke cewa duk asarar da kamfanin ya yi sanadin aikina ni zan biya, ba tare da an sa iyaka ba. Ta ba da shawarar a tsayar da diyyar a kan kuɗin aikin. Na nema, suka yarda.

Matsalar ta fara ne daga inda ba a gani. Rubutunta yana da santsi, yana da ƙamshin ofishin lauya, sai mutum ya ɗauka abin da ya yi kyau a ido ya yi ƙarfi a kotu. Amma idan ba ka faɗa mata dokar wace ƙasa ce za ta yi aiki ba, sai ta ɗinka maka rigar Amurka, domin irin takardun da suka fi yawa a intanet ke nan. Ba kuma za ta sanar da kai ta yi haka ba.

Haƙƙin mallaka ne inda na fi ganin wannan. Ta rubuta cewa zanen da na yi “aikin haya” ne, wato tun daga farko mai biya ne dokar ke kallo a matsayin wanda ya ƙirƙiro shi. Wannan tsarin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ce ta 1976, kuma ko a can, idan mai aikin ba ma'aikacin kamfani ba ne, nau'in ayyuka tara kaɗai dokar ta lissafa da za su shiga ƙarƙashinsa, tambari kuwa ba kasafai yake shiga ba. Wanda nake wa aikin yana Jamus ne, inda mai ƙirƙira ba ya iya sayar da asalin haƙƙinsa kwata-kwata, sai dai ya ba da izinin amfani, ko haƙƙin ya tafi ta gado. Ka ga sashe guda da bai zauna daidai ba a ƙasar da aka aro shi, bai kuma da gurbi a ƙasar da za a kai shi. Haka sharaɗin hana mutum yi wa kishiyar kamfani aiki bayan an rabu: tana rubuta shi hankali kwance, alhali a jihar Kalifoniya doka ta soke yawancin irinsa.

Tarar jinkiri ma haka. Na ce ta sa mini tara mai zafi idan aka ƙi biya a kan wa'adi, ta sa yadda nake so, har da yaba mini dabara. A dokar Ingila, kamar yadda Kotun Ƙoli ta fayyace a 2015, tarar da ta wuce kima nesa ba kusa ba idan aka auna ta da halastaccen muradin wanda aka saɓa wa, kotu ba ta zartar da ita. A Faransa alƙali na da ikon rage irin wannan tara idan ta yi yawa ƙwarai, ko ya ƙara ta idan ta yi kaɗan ƙwarai. Duk wannan manhajar ta san shi. Da na tambaye ta kai tsaye ta zayyano shi tiryan-tiryan. Abin da ba ta yi ba shi ne ta tsayar da ni tun farko ta ce wannan ba zai yiwu ba. Wannan hali nata na son faranta wa mai tambaya shi ne babban aibinta a wurina. Lauyan kirki yakan ɓata maka rai. Ita kuwa abin da ka nufa take bi da kai, ko rami ne a gaba.

Akwai kuma ƙananan kurakurai masu cin rai idan takardar ta yi tsawo ana ta gyare-gyare: sashe na huɗu ya ce a biya cikin kwana 14, na tara ya ce kwana 30, a ce “duba sashe na bakwai” alhali abin ya koma na takwas. Wannan ido ne maganinsa.

Shaci-faɗi ya fi haɗari. Ta taɓa kawo mini lambar wani sashen doka don ƙarfafa maganarta, na buɗe dokar a shafin gwamnatin ƙasar, sashen yana nan amma zancen wani abu daban yake yi. Wannan ba sabon abu ba ne. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi biyu da ofishinsu dala 5,000 a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen Avianca, saboda sun gabatar da tsofaffin shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙago, babu su a ko'ina. Masu lasisi ke nan. Dalili kuwa a fili yake: manhajar tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, ba kundin doka take buɗewa ba, sai fa idan an haɗa ta da rumbun dokoki na gaske, kuma ko a hakan sai an bi sawu.

Da na kai daftarin wurin wata lauya, abin da ta fara tsayawa a kai ban ma sa shi a lissafi ba. Manhajar ta sa cewa idan saɓani ya taso za a je gaban kwamitin sasanci na ƙasa da ƙasa. A takarda shawara ce mai kyau, domin Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, ta sa hukuncin masu sasanci ya fi sauƙin zartarwa a ƙetare fiye da hukuncin kotu. Lauyar ta dube ni ta ce, “Malam, kuɗin buɗe fayil a irin wannan wuri zai iya fin kuɗin aikin naka gaba ɗaya. Wa zai kai ka?” Na ce, “To Barista, mene ne mafita?” Ta ce in karɓi rabin kuɗi kafin in fara, kada in saki cikakken fayil sai an cika ragowar, haƙƙin amfani kuma kada ya koma hannunsu sai kuɗi ya shigo. Layi uku, sun fi shafi guda na sasanci tsare ni. Manhajar ba ta auna girman aikin da girman maganin ba, domin ban gaya mata ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin da lauyar ke da shi wanda manhajar ba ta da shi: idan ta yi sakaci akwai hukumar da za a kai ta ƙara. Sharuɗɗan amfani da waɗannan manhajoji galibi sun wanke hannunsu daga duk abin da ya biyo baya. Ko kamfanin DoNotPay, wanda ya tallata manhajarsa a matsayin lauyan mutum-mutumi na farko a duniya, a 2024 ya amince ya biya dala 193,000 bayan hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zarge shi da cika bakin da bai gwada ba.

Sai batun sirri. Yarjejeniya cike take da sunaye, farashi da tsare-tsaren da ba a bayyana ba, wani lokacin ma ka riga ka sa hannu cewa ba za ka nuna wa kowa ba. A 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba bayanan cikin gida a ciki. Ni dai ina cire sunaye da adadin kuɗi kafin in liƙa komai, na kuma kashe zaɓin da ke ba su damar horar da manhajar da hirarmu.

Yanzu na juya tsarin. Ba na fara cewa ta rubuta. Cewa nake ta yi mini duk tambayoyin da lauya zai yi kafin ya ɗauki biro, in amsa, in faɗi ƙasata da ta ɗaya ɓangaren. Idan daftari ya fito, sai in buɗe sabuwar hira in ce ita ce lauyar wancan ɓangaren, ta nemo duk ƙofar da za su bi su ƙi biyana. A wannan aiki ta fi burge ni fiye da ko'ina, domin son faranta rai nata ya koma kan tono mini rauni. Samfurin da ya fito daga nan lauyar ta duba sau ɗaya, shi nake ta juyawa ga ƙananan ayyuka.

Akwai takardun da ba na kusantar da ita gare su sai don neman fahimta: cinikin fili ko gida, haɗin jari, wasiyya. Irin waɗannan doka kan gindaya musu siffa ta musamman bayan kalmomin da ke ciki. A Ingila cinikin fili sai an rubuta shi da dukkan sharuɗɗansa, ɓangarorin biyu sun sa hannu, bisa dokar 1989. A Jamus kuwa sai an ƙulla shi a gaban jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu. Idan ba haka ba cinikin bai ƙullu ba, komai kyan rubutun.