Tausar Rolfing da tausar gida: wacce ta dace da bayan tela?

Yaya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce shekara ashirin kana kan keken ɗinki a Garwa, yanzu ƙugu da kafaɗa sun hana ka sakat, kuma ɗanka da ke Faransa ya ba ka labarin wata tausa mai suna Rolfing, wai tana miƙar da jiki. Tambayarka ita ce ko ta fi tamu ta gida.

Idan an feɗe ragon layya, ka san farin tantanin nan da ke tsakanin fata da nama, wanda ya naɗe kowace tsoka? Mu ma muna da shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. A kansa Rolfing take aiki. Wata Ba'amurkiya ce ta ƙirƙiro ta, Ida Rolf, masaniyar sinadaran jiki da aka haifa a 1896 ta rasu a 1979, kuma makarantar da ta kafa a 1971 tana Boulder a jihar Kolorado. A ganinta, zama ko aiki a karkace na shekaru yana sa tantanin ya ɗaure, jiki ya saba da karkata, sai nauyin mutum ya riƙa faɗa wa wuri guda.

Bambancin farko yana wajen da hannu ke zuwa. Mai tausar gida inda ka nuna masa nan yake bi: ya shafa man kaɗanya ko man zafi, ya murza, ya ja, ka tashi jiki sakayau. Mai Rolfing kuwa sai ka ce ƙugu, shi ya sa ka tsaya, ka taka, yana kallon yadda kake ɗora ƙafa. Ba ya shafa mai sosai, don so yake hannu ya kama tantanin, kada ya zame. Da yatsu da dunƙulen hannu da gwiwar hannu yake dannawa a hankali, kuma wani lokaci da zafi. Zama goma ne a jere, kowanne kamar awa ɗaya ko fiye: na farko ƙirji da numfashi, na biyu ƙafafu, na uku gefen jiki, sai a shiga tsokokin ciki, uku na ƙarshe a haɗa aikin. Abin da nake yaba musu shi ne wannan kallon jiki gaba ɗaya. Tela da ke taka feda da ƙafa ɗaya, kai a sunkuye, ai ciwonsa ba a ƙugu kaɗai ya tsaya ba.

Amma zancen miƙar da jiki, a nan nake ja da baya. Binciken da aka yi a kan Rolfing kaɗan ne, kuma a kan mutane ƙalilan. Tantani mai kauri, irin na gefen cinya da na tafin ƙafa, ya fi ƙarfin a ce hannu ya sake masa siffa. Sauƙin da mutane ke ji gaskiya ne, sai dai ya fi kama da sakin tsoka da lafawar jijiyoyi, wato irin abin da tausar gida mai kyau ma take bayarwa. Ga kuɗin zama goma, ga shi yawancin masu takardar wannan aiki suna Amurka da Turai da Burazil da Japan.

Tausar gida tana kusa, ga araha. Aibinta shi ne ba a cika bincikar musabbabi ba, wasu kuma har taka baya suke yi da ƙafa, abin da ba na so ko kaɗan. Kada kuma a ɗauka ita da ɗori abu ɗaya ne. Maɗori na karaya da targaɗe ne.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ta sa tausa cikin abin da za a iya gwadawa, tare da motsa jiki da ilimantar da mai ciwo, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu. Don haka da ni ne kai, Yaya, da na fara da sashen gashin ƙashi a asibiti, wajen waɗanda muke kira kine, su koya mini motsin da ya dace. Tausar gida ta zama ƙari ranar da jiki ya yi tsami, musamman dab da sallah da ɗinki ke yawa. Ka daidaita tsayin kujera da keken, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa duk bayan rabin awa.

Sai dai in ciwon yana tare da zazzaɓi ko rama, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓucewa, kada kowa ya danna bayan nan sai likita ya duba, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Haka ma in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ba a tausa ta, don yana iya zama gudan jini ne a jijiya.