Kafin ka sa hannu a kan kuɗin rajistar mujallu

Duk ma'aikacin laburaren jami'a ya san lokacin da wakilan kamfanoni ke zuwa da takardun farashi a dala, kowa na yabon rumbunsa na mujallun bincike. Kafin ka biye musu, ka tuna da Samuel Bradford, ma'aikacin laburaren gidan tarihin kimiyya na Landan. A 1934 ya lura cewa idan aka kasa maƙalun wani fanni kashi uku daidai, kashin farko yana cikin 'yan mujallu ƙalilan, na biyu cikin waɗanda suka ninka su, na uku kuwa a warwatse cikin ɗimbin mujallu, kamar a ce 5, 25, 125. Wato kuɗinka na farko shi ke sayo naman, sauran duk romo ne.

Web of Science na kamfanin Clarivate ya samo asali ne daga kundin ambato, wato jerin da ke nuna wace maƙala ta ambaci wace, da Eugene Garfield ya fitar a 1964. Yana tankaɗe da rairaya kafin ya ɗauki mujalla, shi ya sa ya fi amfani ga sashen likitanci ko kimiyyar sinadarai. Scopus na Elsevier, wanda ya fito a 2004, ya fi shi yawan mujallu. Amma ga inda masu saye ke yawan faɗawa rami: duka biyun kundin nuni ne, suna ba ka take da taƙaitaccen bayani da adadin ambato. Cikakkiyar maƙalar sau da yawa sai an biya wani kuɗin daban.

Google Scholar kyauta ne, yana kwaso har kundin digiri, sai dai da tsakuwa a cikin shinkafar. OpenAlex, wani kundin nuni da ya bayyana a 2022, shi ma kyauta ne, kuma za ka iya sauke bayanansa ka ƙirga da kanka.

A ganina, idan sashen Hausa ko tarihi ko noma ne a gabanka, kada ka fara da manyan biyun nan, Web of Science da Scopus. Mujallun Afirka kaɗan ne suka samu shiga cikinsu, don haka lissafin Bradford da za ka yi da su zai nuna maka zaɓin masanan Turai da Amurka ne. AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet da aka kafa a 1998, ya fi kusa da bukatarka.

Gwajin da ba ya cin ko sisi shi ne ka tattaro kundayen digiri na biyu da na uku na shekara biyar, ka ƙirga sau nawa aka ambaci kowace mujalla, ka jera su daga sama zuwa ƙasa. Waɗanda suka cinye kashi ɗaya bisa uku na ambaton, su za ka ajiye a gaban wakilin kamfani ka tambaye shi nawa ne daga cikinsu ke cikin kunshinsa, da cikakken rubutunsu.