Cloud Up 2 ko Lanshan 2: amsa ga ɗan'uwan da zai hau Chappal Waddi

Ɗan'uwa barka da yamma. Ka ce kana shirin tafiyar ƙafa ta kwanaki zuwa Chappal Waddi a Taraba, kuma ka tsaya tsakanin tanti biyu da ka gani a kasuwar intanet ta AliExpress, Cloud Up 2 na kamfanin Naturehike da Lanshan 2 na kamfanin 3F UL, kana so ka san me ya sa ɗaya ya fi ɗaya nauyi alhali duka na mutum biyu ne. To duka biyun na kwana a cikinsu, bari in faɗa maka abin da na gani.

Maganar nauyi dai tukuna. Cloud Up 2 mai yadin 20D, wato siririn yadin nailan, da komai da komai yana kaiwa wajen kilo 1.8, Lanshan 2 kuwa wajen kilo 1.2. Kaga bambancin ya ɗan zarce ledar fiya wata ɗaya, a ɗaki ba komai ba ne amma dutsen da za ka hau mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya, idan hawa ya miƙe kafaɗarka za ta gaya maka. Kuma dan Allah ka kula da lambar da masu sayarwa suke rubutawa, sau da yawa nauyin da suke sakawa a gaba babu turaku babu igiyoyi babu jaka babu shimfiɗar ƙasa a ciki, ka nemo wanda ya haɗa duka. Sannan Cloud Up yana da wani mai yadin foliyesta da ake kira 210T da ya fi araha, wannan ya wuce kilo 2, kar hoto ya ruɗe ka don kamarsu ɗaya.

Ina nauyin ya tafi? Sanduna ne. Cloud Up yana zuwa da nasa sandunan alminiyom da kake haɗawa su lanƙwasa su ɗaga tantin, Lanshan ba shi da sanda ko ɗaya, da sandunan dogarawarka guda biyu kake kafa shi, ka saita su kusan santimita 120 ka ja igiyoyi ka buga turaku. Idan dama kana tafiya da sandunan nan a hannu to ka ci riba, abu ɗaya ya yi maka aiki biyu. Idan kuma ba ka amfani da su sai ka saya don tantin kawai ka ɗaura a jaka, wallahi ribar ta kusa ƙarewa, don sanduna biyu su ma suna kai kusan rabin kilo.

Amma abin da ya fi damuna ka gane shi ne ƙasar da za ka kafa a kai. Lanshan ba ya tsayawa sai turaku sun kama sosai, gaba ɗaya rayuwarsa a jikin turke take. Na taɓa kwana da shi a duwatsun Shere kusa da Jos, magariba ta yi iska na kaɗawa, duk inda na sa turke sai ya shiga kamar gaɓar yatsa ɗaya ya ci karo da fa, haka na dinga ɗauko duwatsu ina naɗa igiya a jikinsu ina danne su da wasu, na fi rabin awa kafin ya miƙe, abokin tafiyata mai Cloud Up tuni ya kafa nasa har ya ɗora ruwan shayi. Shi Cloud Up kusan da kansa yake tsayawa, turaku kaɗan ne suke miƙar da shi, kana iya ɗaga shi sukutum ka matsar in ka ji dutse a ƙarƙashin bayanka. A ƙasa mai ciyawa da laushi kuwa irin ta saman tsaunukan Mambila, Lanshan yana zama daram in ka iya ɗaure shi.

Sai maganar raɓa, wadda can za ka same ta da yawa ga hazo ga sanyi. Duka biyun rufi biyu ne, akwai na waje mai tare ruwa akwai na ciki mai kamar gidan sauro, tururin numfashinka yana taruwa a na waje ya gangara bai taɓa ka ba. Za ka ga wani Lanshan 2 Pro da ya fi wannan rashin nauyi, dalili kuwa rufi ɗaya ne, sun cire na cikin. Ni dai ban ba ka shawararsa a wuri mai laima haka ba, da asuba bangon yana jiƙewa sharkaf, ka ɗaga kai ka goge shi da hula, bargonka ya taɓa gefe ya jiƙe, kuma sai ka bi ɗinkinsa da kanka ka shafe da silikon kafin ka fita da shi in ba haka ba zai yi yoyo.

Wani abu kuma, nailan in ya sha ruwa yana saki. Kana kafa Lanshan tamau da yamma, cikin dare ka ga ya yi laƙwas, sai ka fito ka ƙara ja. Cloud Up mai 20D ma nailan ne amma sandunansa suna riƙe shi, sakin bai cika damu ba. Masu kuɗi suna guje wa wannan da yadin Dyneema, kamar tantin Zpacks Duplex da bai kai giram 600 ba, ba ya shan ruwa ba ya saki, sai dai kuɗinsa dala ɗaruruwa ne, ka sayi Lanshan uku da canji.

Wajen zama ciki Lanshan ya fi daɗi a wurina, ƙofa biyu ne ta gefe kowa da tasa, ga wurin ajiye jaka da takalmi. Cloud Up ƙofa ɗaya ce ta wajen kai, rarrafe ake shiga, kuma mutum biyu manya a ciki a matse kuke.

To ni a matsayinka, in kana da sandunan dogarawa kuma za ka yarda ka kafa shi sau uku ko huɗu a tsakar gida kafin tafiya har hannunka ya saba, ɗauki Lanshan 2 mai rufi biyu. In wannan ne tantinka na farko kuma kana tunanin gaba za ka je wurare masu fa, ɗauki Cloud Up mai 20D ka haƙura da ƙarin nauyin. Ko wanne ka saya kar ka bar shimfiɗar ƙasa a gida don rage giram, yadin ƙasansu siriri ne ƙwarai, ƙaya ɗaya ta isa ta huda shi, kuma ka ƙara turaku biyu a kan waɗanda suka zo da shi don suna lanƙwashewa.