SQLite ko Elasticsearch: wanne ya dace da binciken kalma a manhajar ƙamusun Hausa?

Malam, ka ce kana gina manhajar ƙamus ta waya don masu koyon Hausa, mai kalmomi kusan 20,000, amma in mutum ya rubuta "kasa" ba ta fito masa da "ƙasa", shi ne wani ya ba ka shawarar ka bar SQLite, ma'ajiyar bayanai da ke zama cikin wayar, ka koma Elasticsearch, injin bincike da ke gudana a kan uwar garke. Kafin ka yi hayar uwar garke, ga yadda kowanne yake yi da rubutun Hausa.

Mu fara da haruffa masu ƙugiya, tunda nan ciwon yake. FTS5, wato sashen binciken rubutu na SQLite, yana yanka rubutu kalma-kalma da unicode61, wanda ke cire alamomin da aka ɗora a kan wasula. Saboda haka à da â duk suna komawa a, abin da zai yi maka daɗi in ƙamusunka na nuna karin sauti. Amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a tsarin Unicode haruffa ne masu zaman kansu, ba k ko d ba ne da aka ɗora wa alama, don haka bai taɓa su. Elasticsearch kuwa yana da matacin asciifolding da ke mayar da su k, d, b, y kai tsaye. A nan ya yi gaba. Sai dai in ka kunna shi haka kawai, "baki" da "baƙi" sun zama abu ɗaya a fihirisa, "bata" da "ɓata" ma haka, kuma ɗalibi shi ne mutumin da ya fi bukatar ganin bambancin. Dole ka ajiye kalma a gurbi biyu, ka ba na asali nauyi mafi yawa.

Wannan dabarar ita ce maganin a SQLite ma, sai dai da hannu za ka yi. Ka buɗe gurbi biyu a tebur: asali da sauki. A na biyun ka mayar da komai ƙananan haruffa, ka sauke ƙugiyoyi, ka cire hamza. Abin da mai bincike ya rubuta shi ma ya bi ta wannan matacin, sannan ka nema a gurbin biyu, ka jera sakamako da bm25(kamus, 10.0, 1.0), wato ma'aunin da ke ba kowane sakamako maki, gurbin asali da nauyi 10, na sauki da 1. Wanda ya rubuta "ƙafa" zai ga ƙafa a sama, kafa a ƙarƙashi. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko, lower() da LIKE na SQLite haruffan Turanci kaɗai suka sani, ba za su mayar da Ƙ zuwa ƙ ba, sai ka yi wannan a Kotlin ko Dart ko Python kafin ka zuba. Na biyu, makin bm25 a FTS5 mafi ƙanƙanta shi ne mafi dacewa. Ka sa DESC, wato jeri daga babba zuwa ƙarami, sakamako ya juye.

Hamza ta fi ƙugiya wahalar sha'ani. A wurin unicode61 alamar rubutu ce, sai ya raba "ma'ana" gida biyu, "ma" da "ana". Kuma in ka miƙa wa MATCH, wato umarnin bincike na FTS5, kalma mai hamza ba ka rufe ta cikin alamar zance ba, kuskure zai jefo maka. Ga shi hamzar kanta kala uku ce a rubutun mutane: miƙaƙƙiya ta allon rubutu, lanƙwasasshiya da waya ke sakawa da kanta, da wadda Unicode ke ƙirgawa a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke. Elasticsearch yana barin hamzar tsakiyar kalma, ya yar da ta farko. Ko ta ina dai sai ka haɗe su da kanka, ka kuma tuna Najeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa, duka su faɗa kan "yaya" a gurbin sauki.

Gyaran kuskuren rubutu shi ne abin da ake yi wa Elasticsearch kirari da shi. In ka sa fuzziness, wato saitin yafe kuskure, a AUTO, kalma mai harafi 3 zuwa 5 ana yafe mata kuskure ɗaya, wadda ta haura 5 biyu. Ga Hausa wannan kaifi biyu ne, domin kalmominmu gajeru ne kuma makusanta: "kasa" za ta janyo kaza, kara, kaya, kama da kafa. FTS5 ba shi da wannan. Yana da binciken farkon kalma, kamar "kas*", da kuma trigram da ya shigo a sigar 3.34 a 2020, mai neman guntun kalma daga harafi 3. Ga ƙamus, a ganina, wannan ya wadatar.

Jam'i kuwa babu mai cetonka. Elasticsearch na da shirin harsuna da dama, Larabci na ciki, Hausa babu. Kuma ba dokar yanke ɗafi da za ta kai ka daga "awaki" zuwa "akuya", ko daga "sarakuna" zuwa "sarki". Tebur za ka rubuta na tilo da jam'i.

Sai kuɗi. Elasticsearch da Java yake gudana, yana son uwar garke mai wadatar ƙwaƙwalwa, ana biya duk wata, kuma kowane bincike sai da data. SQLite fayil ɗaya ne a cikin wayar, yana aiki ko babu sabis. A kula dai, ba a dogara da cewa SQLite ɗin da ke zuwa cikin Android yana ɗauke da FTS5. Ko ka haɗa naka cikin manhajar, ko ka yi amfani da FTS4, sigar da ta gabaci FTS5, ta hanyar Room, kayan aikin Android na sarrafa SQLite, sai dai FTS4 ba shi da bm25 a shirye.

Da kalmomi 20,000, ka zauna kan SQLite ka gyara matacinka. Ranar da ka tara dubban labarai da jimlolin misali a shafin intanet, mutane da yawa na bincike lokaci guda, sai ka duba Elasticsearch ko OpenSearch, wanda daga Elasticsearch aka tsago shi, kuma teburin jam'in nan da dokokin hamza za ka kwashe su ka tafi da su.